Fumfuna na cin littattafan gado a cikin adaka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin magadan malamai a Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi kan ɓarnar da ake yi wa littattafan gado da kyakkyawar niyya. Da zarar malami ya rasu, sai a tattara Alƙur'aninsa na rubutun hannu da kundayensa da waƙoƙin ajami, a naɗe a leda, a sa a adakar ƙarfe, a garƙame, a tura ƙarƙashin gado. A garin da damina ke zuwa sau biyu, daga Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba, wannan ajiyar ita ke gayyato fumfuna.

Ƙwayar fumfuna a iska take yawo, kuma babu ɗakin da ba ta, ko da ana share shi safe da yamma. Yawancinta ba ta wuce kashi 2 zuwa 10 cikin dubu na milimita ba, don haka ido ba ya ganinta, ƙyaure ba ya tare ta. Waɗanda aka fi samu a jikin takarda da fata su ne dangin Aspergillus da Penicillium da Cladosporium. Takan kwanta cikin ƙura shekara da shekaru tana jiran laima. Muddin laimar iska ba ta kai kashi 65 cikin 100 ba, da wuya ta tsiro. A kashi 70 sai ta ɗauki wajen wata uku, a kashi 80 kamar kwana 10, daga 90 zuwa sama kuwa kwana 2 ko 3 sun ishe ta. Safiyar damina a Kumasi ta saba haura 80.

Ga yadda adaka ke cutar da abin da aka ba ta amana. Takarda da fata suna shan laima daga iska. Da rana kwanon rufi ya gasa ɗaki, sai su saki wannan laimar a cikin adaka. Da dare ƙarfe ya huce, sai ta taru a inda ya fi sanyi, wato gindin adakar da ke kan siminti da gefen da ke jingine da bango. Leda kuma ta hana ta fita. Shi ya sa za ka buɗe ka tarar ganyayen sama lafiya lau, na ƙasa kuwa sun manne da juna sun koma curi ɗaya.

Abinci kuwa fumfuna ba ta rasa shi ba. Tana narkar da zaren takarda, sai shafi ya yi laushi, ya riƙa marmashewa a yatsa. Tawadar malamanmu ta dā da ƙaro ake haɗa ta, shi ke riƙe baƙin a jikin takarda. Idan fumfuna ta cinye ƙaron, rubutu ya zama gari, ka hura ya tashi. Takan fara daga kusurwar shafi inda yatsu suka bar maiƙo, da cikin ɗinkin gafaka. Masu shafa wa gafaka man kaɗanya don ta yi sheƙi su daina, ciyar da ita suke yi. Tabon da take bari, kore ko baƙi ko jaja-jaja, ba ya fita ko bayan ta mutu.

Kada a raina abin da ke cikin waɗannan adakoki. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, almajirai ne suka yi ta kwafarsu hannu da hannu, kuma kwafe-kwafen da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara a shekarun 1960 daga gidajen malamai aka samo su. Haka layun da ke jikin tsofaffin rigunan batakari fata ce da takarda, duk abincin fumfuna.

Gyaran ba shi da tsada. A sayi ɗan na'urar auna laima mai batir, a sa ta inda littattafan suke, a riƙa dubawa da asuba. A ɗaga kaya daga ƙasa aƙalla santimita 15, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, a nisanta su da bangon banɗaki. A cire leda, a naɗe kowane kundi da farin ƙyallen auduga wankakke marar sitati. Iska mai motsi ta fi komai, fanka ma ta wadatar. Wanda ya nace sai akwati mai rufewa ruf, to ya rufe shi da hunturu lokacin da takarda ta bushe sarai, ya sa ƙullin tsakuwar silika mai shanye laima a ciki, ya riƙa busar da ita a kan wuta kaɗan-kaɗan idan ta ƙoshi. Kafur ƙwari yake kora, kada a dogara da shi a nan.

Idan fumfuna ta riga ta kama, a fitar da kayan waje a inuwa, a sa takunkumi na N95 da safar hannu, mai asma kuma ya yi nesa. Kada a goge ta tana da danshi, shafa ta za a yi cikin takarda. A baza ganyaye a bisa tsari don kada su cakuɗe, tunda littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, a bar su su bushe har fumfunar ta koma gari, sannan a kakkaɓe da burushi mai laushi daga tsakiyar shafi zuwa baki, a kauce wa inda tawada ke tashi. Ba a shanya su a tsakar rana, ba a kusantar da bilic. Adaka da kantar ajiya a goge su da sifirit mai ƙarfin kashi 70, amma kada ya taɓa rubutu. Littafin da ruwan ambaliya ya jiƙa yana da awa 48 kacal. Idan ba za a iya busar da shi a wannan lokaci ba, a nan ne leda ke da amfani: a sa shi ciki, a jefa a firiza har a samu sarari. Sanyin ba ya kashe ƙwayar, tsayar da ita kawai yake yi. Ganyayen da suka manne kuwa kada a ɓanɓare su da wuƙa, a ɗauki hoton abin da ke karantuwa, a nemi masu gyaran takardu a ma'ajiyar takardun gwamnati ko gidan tarihi.

Wassalam,
Mai aikin adana tsofaffin takardu,
Asawase, Kumasi.