An yi wa ƙanena dashen ɓargo, ciwon ya tafi amma ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa

Assalamu alaikum Likita. Allah ya saka maka da alheri kan wannan fili da kake amsa mana tambayoyi.

A kan ƙanena nake rubuto maka, ɗan shekara 19, wanda aka haifa da sikila. Da wahalar ta kai maƙura, Baba ya sayar da gonarsa ta fadama, dangi suka kawo gudummawa, muka kai shi Indiya bara aka yi masa dashen ɓargo. Mun ji cewa tun 2011 aka fara irin wannan aiki a birnin Benin nan Najeriya, amma Indiya Allah ya nufa. Ni na bayar da ɓargon, domin jinina AS ne kuma gwaji ya nuna namu ya dace. Alhamdu lillahi, tun dawowarmu bai sake kwana yana kukan ciwon ƙashi ba.

Tafiyarsa ce take hana ni barci. Kafin dashen sai da aka kashe nasa ɓargon da magunguna masu ƙarfi irin na masu kansa, ya yi makonni kwance a ɗakin da aka keɓe shi. Daga baya sabon ɓargon ya soma faɗa da jikinsa, ga ƙuraje ga gudawa, aka ɗora shi kan prednisolone mai yawa. Likitocin sun ce maganin yana cinye naman cinya da na ƙugu, mun kuwa ji, amma gani ya kori ji. Fuskarsa ta cika, cinyoyin sun tsotse. In ya yi sujada ba ya iya miƙewa sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya dafa gwiwa, sannan ya lalubi bango. Ban ɗakinmu na tsuguno ne, don haka nakan tsaya a bakin ƙofa har ya fito, shi kuma kunyar hakan ta ishe shi. In ya rufe ido zai wanke fuska wajen alwala sai ka ga yana tangaɗi. Ya ce tafin ƙafarsa ji yake kamar auduga yake takawa. Hannunsa ma yana rawa, an ce wani maganin da yake sha mai suna tacrolimus ne ke jawo hakan, ko kofin kunu sai ya riƙe da hannu biyu.

Gidanmu ya rabu biyu. Inna ta ce yaron da aka sha wannan wuya a kansa ba zai ɗaga ko buta ba, ya kwanta har ƙarfi ya dawo da kansa. Baba kuma yana so ya riƙa binmu masallaci, wai zaman ɗaki ne ke kashe masa jiki. Ni ina ganin kwanciyar nan ƙara raunana shi take yi, amma an gargaɗe mu da cunkoson jama'a da ƙura, da kuma rana wadda ke iya tayar da ƙurajen. To Likita, a Sakkwato ina mutum zai ɓuya wa rana da ƙura? Da bazara zafi ya wuce 40, da hunturu hazo ya rufe gari. Abin da na iya kawai shi ne in zagaya da shi tsakar gida bayan Asuba.

Ka taimaka ka faɗa mini ko wannan zagayen ya isa, ko in kai shi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su tsara masa motsa jiki. Shin ƙarfin yana dawowa in an rage maganin? Kwanan nan kuma ya fara ɗingishi yana cewa kwatangwalonsa na dama na ciwo. Na san sikila da prednisolone duk suna iya hana jini kaiwa kan ƙashin cinya, shi ya sa nake tsoron in matsa masa da tafiya in ƙara ɓarna. A fara yin hoto ne tukuna?

Sai batun zuciyarsa. Malaminmu ya ce masa ya halatta ya yi salla a zaune, ya ƙi, wai ba zai zama tsoho yana yaro ba. Abokansa ma ya daina yarda su shigo. Yaya zan lallashe shi, kuma da wane baki zan fahimtar da Inna ba tare da na saɓa mata ba?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai bibiyar filinka daga Mabera, Sakkwato