Kukan birki bayan an canza fad: a fara tambayar yaushe yake yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da masu motocin tsere, irin su Porsche 911, Nissan 370Z, Subaru WRX da Mustang, da ma kanikawan da ke taɓa musu su. Maganar a kan ƙarar da birki ke yi ne bayan an sa sabon fad, wato takalmin nan da ke matse faifan birki. Mutum zai canza fad yau, gobe ya ji ƙiiii a bakin danja, sai ya koma gareji da faɗa wai an sa masa jabu, shi kuma bakanike ya ce ai sabo ne zai daina da kansa, a rabu dutse a hannun riga babu wanda ya tsaya ya tambaya ƙarar nan yaushe take fitowa. Alhali rabin aikin yana cikin tambayar nan.

Toh abu na farko, ƙafarka na kan birki ne take yi ko kuwa ko ba ka taka ba tana yi? In kana tafiya kawai ka ji shaf, shaf, shaf tana bin juyin taya, ka fara zargin falankin ƙarfen nan siriri da ke bayan faifai mai tare ƙura. Wajen kwance kalifa, wato gidan da ke riƙe fad ɗin, hannu ko sifana kan ture shi ya lanƙwashe ya riƙa shafar faifai. Ɗaga motar a jak, juya tayar da hannu ka kasa kunne, sannan ka cire ta ka haska tocila a baya, za ka ga wani ɗan wuri a jikin falankin ya goge yana ƙyalli fari tas alhali sauran duk ƙura ce da tsatsa. Nan ne yake taɓawa. Ka sa sukundireba ka tura shi baya kaɗan, shikenan. Wani lokacin ma ɗan tsakuwa ne ya maƙale a tsakani. In kuma bayan 'yar gajeriyar tafiya ka ji taya ɗaya ta fi sauran zafi har da ƙauri, to fad ne bai saki faifai ba, galibi ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe sun cije, wannan kam ba ya daina wa da kansa, cinye sabon fad ɗin zai yi.

Sai kukan da ya fi tayar wa mutane hankali, siririn nan mai shiga kunne da ke fitowa in ka taka birki a hankali kana dab da tsayawa. Abin mamaki shi ne mafi ƙarancin haɗari a cikinsu duka. Karkarwa ce kawai, fad na kama faifai yana saki yana kamawa sau fiye da dubu a daƙiƙa ɗaya, irin yadda izga ke gogar izga a jikin goge har sauti ya fita, faifan kuma ƙarfe ne mai faɗi sai ya amsa. Motar tsere ta fi kowace mota wannan hali saboda faifanta babba ne, kalifarta kan zo da fistin 4 ko 6 masu tura fad ya matse faifai, kuma fad ɗinta ƙarfe ya yi yawa a haɗinsa don an yi shi ne ya yi aiki cikin zafi na ɗaruruwan digiri. Ka ɗauko irin wannan kana lallaɓa shi cikin cunkoso da sanyinsa, dole ya yi kuka. Kamfanin Porsche da kansa sai da ya fitar da bidiyo a 2018 yana wa masu motocinsa bayani cewa kukan nan ba lalacewa ba ce, kaga kenan ƙorafin ya ishe su.

Amma fa kar bakanike ya fake da wannan, don sau da yawa kukan daga aikin da aka tsallake ne. Sabon fad sai an zaunar da shi a kan faifai, ma'ana a ɗumama shi har ya shafa wa fuskar faifan wani siririn shafi na jikinsa ko'ina daidai. Yadda aka saba yi, ka samu titi miƙaƙƙe wanda babu kowa, ka kai kamar kilomita 100 a awa, ka taka da ɗan ƙarfi har ka sauko wajen 15, kar ka tsaya cak kuma kar ka danne har ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa, ya fara bugun ƙafarka, ka sake ba ta wuta ka maimaita sau 8 zuwa 10. Za ka ji ƙauri, wataƙila har ɗan hayaƙi, ba komai. Daga nan ka yi ta tafiya minti 10 ba ka cika taɓa birki ba don ya huce. Kuskuren da ke ɓata aikin duka shi ne mutum ya gama wannan ya tsaya ya danne birki da zafinsa, sai fad ya buga hatiminsa a wuri ɗaya, bayan kwana biyu ka ji sitiyari na rawa a ce maka faifai ya lanƙwashe. In kwalin fad ɗin ya zo da takardar yadda ake zaunar da shi, ita za ka bi ba ni ba.

Sannan a duba bayan fad ɗin. Akwai 'yar farantin ƙarfe siririya da ke manne a bayansa don shanye karkarwa, akwai kuma 'yan maƙalan ƙarfe da ke riƙe kunnuwansa, wasu kanikawan sai su jefar da sababbin da suka zo a kwali su bar tsofaffin da suka saki, ko su cire gaba ɗaya wai sun hana fad shiga. Giris ɗin birki ɗan kaɗan ake shafawa a baya da kunnuwa da ƙusoshin zamewa, kuma mai jure zafi, don giris na gama-gari kumbura roba yake. Fuskar fad da faifai kuwa ko ɗigo ɗaya haramun. Masu fesa mai a faifai don kuka ya daina, wallahi kukan zai daina, birkin ma haka.

Tsohon faifai shi ma yana da nasa. Sa farcenka ka ja daga tsakiyarsa zuwa baki, in farcen ya yi karo da ɗan tudu a gefe, to tsohon fad ya ci ƙarfen ya bar leɓe, sabon kuma bakinsa na hawa kan leɓen nan yana gurza. A jikin faifan an buga MIN TH da lamba a milimita, shi ne iyakar sirantar da aka yarda ya kai, a auna, in ya kai nan a canza kawai. Faifai mai huji-huji ko tsaga shi dama yana ɗan gurnani in an taka da gudu, halinsa ne.

Sai kuma waɗanda ba a wasa da su. Ɗan ƙwas guda ɗaya in ka sauya daga ribas zuwa gaba, fad ne ke motsi a mazauninsa, a duba maƙalan nan. Amma in bugu ne mai nauyi, gum, duk sanda ka taka, ka ajiye motar nan take don yana iya zama notin kalifa ne ba a ɗaure ba, in ya fita kalifar na iya juyawa ta daki cikin wili taya ta cije kana kan gudu. Haka gurzar ƙarfe da ƙarfe mai kauri tun takun farko, ana samun wanda ke sa fad a juye bayansa na kallon faifai, ko ya musanya na ciki da na waje. In kuma birkin ya yi laushi ƙafa na nutsewa ko bayan ka yi ta famfo, maganar ƙara ta ƙare, iska ce ta shiga layin man birki ko yana yoyo.

Roƙona ga kanikawa, in mai mota ya dawo da ƙorafi ku shiga motar tare ku sauke gilas ku zaga, ya nuna muku daidai inda take yi, da sanyi ne ko da zafi, gaba ne ko baya, hagu ko dama. Ku kuma ɗaure notin kalifa da na taya da sifanar awo gwargwadon abin da kamfanin motar ya rubuta, a daina hawa kan sifana da ƙafa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu