A ƙidaya itacen girki kafin a tsara rage hayaƙi

Ya mai girma Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta rahotonku kan aniyar gwamnatin Nijar ta karkata ga makamashin da ba ya gurɓata iska. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne alƙaluman da za a ɗora wannan tsari a kansu.

Wutar da ke bi ta waya tana da lissafi. An san tashar hasken rana ta Malbaza megawat 7 ce, ta Gorou Banda kusa da Yamai kuma 30. Amma tukunyar yawancin gidajen Maraɗi ba ta san waya ba. Duk safiya amalanken shanu na shigowa ta hanyar Madarunfa, an laɓta musu itace har sun rankwafa, ga buhunan gawayi a bakin titi. Wa ke rubuta nauyinsu? Da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, telan unguwarmu ya koma injin fetur, mai cajin waya ya ɗora faranti biyu na sola kan rumfarsa. Ban ga mai littafi ya zo tambayarsu ba.

Shawarata, Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa da ma'aikatar makamashi su riƙa bin gidaje jiha-jiha kowace shekara, da rani da damina, domin cin itace na sauyawa. A auna lodi a mashigar gari, a haɗa da cinikin tukunyar gas, sannan a karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyo.

Naka,
Mai karanta jaridarku, Maraɗi