Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Haƙe Mini Harabar Masauki Ya Tafi

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Yallabai, ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku ina takowa daga Jos zuwa ofishinku na Abuja, sau uku ana ce mini kana taro. Ba zan kama sunan kamfaninku ba, don har yanzu ina sa ran mu rabu lafiya, amma ka san da kai nake.

Ina da ɗan masaukin baƙi mai ɗaki 12 a Rayfield. Wanda ya san Jos ya san halinta. Gari ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu baƙo na neman bargo biyu da ruwan zafi, Maris na kamawa kuma ya ce a kunna masa iyakwandishan. Da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sai riba ta koma aljihun mita. A wannan hali injiniyanku ya same ni da tayin na'urar da ke ɗumama ɗaki da sanyaya shi ta amfani da ɗumin ƙasa.

Bayaninsa ya shige ni, kuma har gobe ban ce ƙarya ya yi ba. Ya ce in aka nutsa 'yan mitoci cikin ƙasa, ɗuminta ba ya sauyawa, rani da damina. Za a binne bututun roba, ruwa na zagayawa a ciki. Da hunturu na'ura ta jawo ɗumin ƙasa zuwa ɗaki, da bazara ta kwashe zafin ɗaki ta zuba a ƙasa, yunit ɗaya na wuta ya ba da ɗumi na yunit uku ko huɗu. Kuka rubuto mini ƙiyasin naira miliyan 38, a ƙasan takardar aka sa "har da haƙa". Na sayar da filina na Bukuru na ba ku miliyan 25 kafin alƙalami.

Rijiya shida kuka ce za a haƙa don bututun, kowacce mai zurfin mita 80. A ta biyu aka tsaya. Wai an ci karo da dutse, sai na ƙara miliyan 14 a ɗauko babbar motar haƙa.

Yallabai, dutse a Jos labari ne? Daga tagar ofishina ana hango duwatsun Shere. Duk mai haƙa rijiyar burtsatse a garin nan, kafin ya faɗi farashi sai ya aiko a auna ƙasa, don ya san a nan kuɗin haƙa ya dogara ne da abin da ke ƙarƙashi. Ku da kuka san haƙa da binne bututu kan ci kaso mafi tsoka na irin wannan aiki, ba ku auna komai ba. Da na tambayi injiniyanku tun farko, cewa ya yi, "Alhaji, kada ka damu, mun saba." Da na koma na ce to a shimfiɗa bututun a kwance cikin dogayen ramuka, sai ya ce harabar ta yi kaɗan. Harabar nan dai ita ce wadda ya zagaya da ƙafarsa ranar farko, ba ta motse ba.

Sai kuma batun dala. Kun ce na'urar daga Turai take, canji ya tashi. Dala ta haura naira 1,500 tun Fabrairun 2024, watanni kafin mu sa hannu. Da wane canji kuka yi lissafi?

Akwai abin da ba ku fayyace mini ba, sai wani mai gyaran firji a Dilimi ne ya ankarar da ni: kwamfuresa da famfon ruwan duk da wuta suke aiki. In an ɗauke, sai janareto ko sola mai ƙarfi, kuma babu ko ɗaya a ƙiyasinku. Ya ƙara da cewa in ta lalace, bai san mai taɓa ta a Filato ba. Shekara biyar ɗin da kuka ce zan mayar da kuɗina, yanzu ban san nawa ta zama ba.

Yau wata bakwai ke nan. Rami biyu a buɗe, an rufe da kwano, naɗin bututu na shan rana a bayan kicin, baƙi na ajiye mota a titi. Damina ta mai da harabar taɓo.

Abin da nake nema: ku turo wanda zai auna ƙasar da kuɗinku, ku ba ni sabon ƙiyasi dalla-dalla, kuɗin haƙa daban, na na'ura daban, na wuta daban. In aikin ba zai yiwu a farashin da muka yi ba, ku cire kuɗin rijiya ɗayar da kuka gama, ku cike ramukan, ku dawo mini da sauran. Na ba ku mako biyu. Bayan nan zan kai takardun gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma a can da sunanku zan kira ku.

Wassalam.

Mai masauki a Rayfield, Jos