Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Katin Gayyata Na Turanci

Agege, Legas.

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya fama da hanyar Ajah? Mu nan gida lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.

Mahaifiyarka ta gaya mini shugabanka na ofis ya ba ka katin bikin 'yarsa, kuma har yau ba ka ce masa komai ba, wai ai ranar zai gan ka. Tunda kai ma maganar aurenka ta matso, kuma dole a buga wasu katuna da Turanci saboda abokan aikinka, na ga gara in rubuta maka a takarda, ka karanta a natse.

Ka san yadda muke yi a nan Agege. In za a ɗaura aure ko a raɗa suna, a raba goro da alawa, a yi sanarwa a masallaci, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Mutum ya zo da abokansa biyar, a faɗaɗa tabarma, abinci ya yi albarka. Wannan al'ada tamu ce kuma ina alfahari da ita. Amma wanda ya kama zauren taro a Ikeja ko Victoria Island lissafinsa daban ne. Kujerun a ƙirge suke, mai dafa abinci a kan kowane faranti ake biyan sa, wani lokaci ma akwai mai gadi a bakin ƙofa riƙe da jerin sunaye. Katin irin wannan mutum tambaya ce yake yi maka: za ka zo ko ba za ka zo ba? Shirun da ka yi ya bar shi cikin rashin sani, ko ya biya kuɗin kujerar da ba wanda zai zauna, ko ka zo ya ji kunyar rasa inda zai ajiye ka. Kuma kada ka ɗauka wannan tsarin Turawa ne kawai. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa amsa gayyata cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa.

Haruffan RSVP da kake gani a ƙasan kati daga Faransanci suke, roƙo ne cewa ka ba da amsa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka lambobin wayar da ke ƙarƙashinsu na tambayar kwatance ne in an ɓata hanya. A'a, waɗanda za ka sanar ne. In an sa ranar ƙarshe ta amsawa, kada ka wuce ta. In ka ga "Regrets only", wanda ba zai samu zuwa ba ne kaɗai zai yi magana, shirunka na nufin kana tafe. In ka ga "Admits one", kai kaɗai ake nufi, kada ka kwashi 'yan gayyar soɗi.

Gayyata ta girmamawa ana gane ta da cewa babu "ni" babu "mu" a cikinta. Masu gayyata suna ambaton kansu kamar wani ne ke ba da labarinsu: wane da matarsa "request the pleasure of your company". To amsar ma haka take bi. Ka rubuta cikakken sunanka, sai "thanks Chief and Mrs wane for their kind invitation and has much pleasure in accepting". Ka maimaita rana da lokaci a cikin amsar, don in ka karanta ba daidai ba su gyara maka tun da wuri. In ba za ka je ba, sai "regrets that he is unable to attend owing to a prior engagement". Layi uku ya wadatar. Ba a son dogon uzuri, kuma kada ka ƙirƙiri ƙarya don ka kare kanka.

Ta abokai kuwa, wadda ke zuwa ta WhatsApp ko imel, ba ta buƙatar wannan ƙaƙale. Ka gode, ka ce kana zuwa ko ba ka zuwa, a ranar da saƙon ya iso. Abin da nake so ka guje wa shi ne "I will try". Mu in mun ce "sai abin da hali ya yi" mun fahimci juna, mai gayyatar kuwa bai san ko ya lissafa da kai ba. Ka ce in sha Allah, kamar yadda ya dace da bakin Musulmi, amma ka haɗa shi da amsa bayyananna, don na sha jin waɗanda ba Musulmi ba suna cewa in Bahaushe ya ce in sha Allah to ba zai zo ba. Wannan magana tana yi mini ciwo, kuma halinmu ne ya jawo ta. In babba ne ya gayyace ka, ko da ta waya ce, kada ka tura masa hoton babban yatsa ka yi shiru. Rubuta masa jimla mai ladabi.

In kana da damuwa kan abinci ko abin sha, ko taron zai ci lokacin salla, ka faɗa cikin amsarka a taƙaice. Yawancin masu gayyata suna jin daɗin a sanar da su kafin ranar.

Lokaci kuma, ka kiyaye. Na riga gadar Third Mainland zuwa garin nan, a gabana aka buɗe ta a 1990, kuma tun kafin nan cunkoson Legas ba baƙon kowa ba ne. Wanda ya rubuta "prompt" a katinsa, wato a zo a kan lokaci, ya san da cunkoson ya rubuta. Fita da wuri.

Yanzu ga naka katin. Sunan iyaye masu gayyata ne farko, sai abin da ake gayyata dominsa, sai rana, lokaci, wuri, tufafin da ake so in akwai anko, sai wanda za a sanar. Ka rubuta sunan wata da haruffa, domin 5/6 a wajen mutumin Ingila biyar ga Yuni ne, a wajen mutumin Amurka kuwa shida ga Mayu. Ka tambayi yadda kowa ke rubuta sunansa da muƙaminsa. Maƙwabtanmu Yarbawa ba sa wasa da sarauta, wanda yake Chief ko Otunba ko Dr, in ka rubuta masa Mr kawai ka rage masa daraja tun daga kan ambulan.

Abin da aka fi mantawa shi ne abokanka ba su san tsarin bikinmu ba. Za su ga "Wedding Fatiha" su zaci yini za a yi ana shagali, su zo da matansu cikin ado, su tarar da maza zalla a ƙofar masallaci, an biya sadaki, an shafa fatiha, an watse cikin ɗan lokaci kaɗan. Wanda ya makara da rabin awa ma sai dai ya tarar da ɓawon alawa. Don haka ka ware kowane taro da layinsa: kamu na mata ne, ɗaurin aure a masallaci kaza ƙarfe kaza, walima ta kowa da kowa. Ka ƙara musu da bayani da bakinka, ka gaya musu wanda ya fi dacewa su halarta da irin suturar da za ta dace da wurin. Baƙon da ya ji kunya a taronka, laifin naka ne.

Ka rubuta wa shugabanka amsa yau, kada ka kai gobe. Sannan kafin ka kai naka rubutun wajen masu buga kati a Shomolu, ka kawo mini in duba, mu tabbatar da sunayen dangin amarya tare da kawunka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.