Wasiƙa zuwa ga ɗana game da tafiyar Yankari

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali tsakanin Birni da Karkada ba wata tafiya ba ce, amma akwai maganar da idan na zo faɗa maka ita ido da ido harshena yakan yi nauyi, sai in ƙare da tambayarka kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Dole, kai kuma ka tashi kana zaton na gama.

Labari ya iso mini cewa da zarar an ba da hutun lakwal a ƙarshen Disamba za ka ɗebi yara da uwarsu a motarka ku tafi Yankari. Ba daga bakinka na ji ba, daga bakin takwarana ne, yana gaya wa kakarsa cewa zai je ya ga giwa da idonsa. A ce yaro ɗan shekara shida ne zai sanar da ni tafiyar da za ta tsallake iyaka, wannan ya sosa mini rai, sai dai ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ban hana ka tafiya ba. Na ma gode wa Allah da ka bar zancen zuwa gandun namun daji na W da ke yammacin Nijar, domin tun ranar 9 ga Agustan 2020 da aka kashe mutum takwas a wajen raƙuman dawa na Kure, hankalina ba ya kwanciya in ji wani nawa ya nufi dazukan yamma da ƙananan yara. Hanyar Yankari kuwa na san ta, na bi ta tun dajin yana hannun gwamnatin tarayyar Najeriya, kafin a mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006. Daga nan Damagaram zuwa Kano ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura kusan kilomita 240 ne, daga Kano zuwa Bauchi kuma wajen 300, saboda haka kada ka haɗa su a yini ɗaya cikin hazon hunturu. Ku kwana wajen gwaggonka a Kano, ko ba komai za ta daina ƙorafin an manta da ita. Ka je duwan da kanka ka tambayi takardun da ake nema yanzu, tunda al'amuran iyaka sun sauya tun 2023, ka kuma riƙe katin rigakafin yara. Ka cika tanki a Bauchi, domin bayan ka karkata a Dindima ka shiga ƙofa a Mainamaji, da sauran fiye da kilomita 40 cikin daji kafin masaukin Wikki, kuma wannan tsakani ba wurin da yaro zai sauka ya yi fitsari ba ne. A ɗaga gilashi saboda ƙudan tsando, kada a sa wa yara baƙaƙe ko shuɗayen tufafi, su ne suke jawo shi. Gwaggon biri na masaukin ba ya tsoron mutum, a gabana ya fizge burodi daga hannun wata yarinya, don haka kada amaryata ta yi yawo da abinci a hannu.

Duk waɗannan da na lissafa ba su hana ni barci ba. Giwa tana da mai gadi da bindiga a tsakaninta da ku. Abin da ya hana ni barci ruwan Wikki ne.

Ka saurare ni da kyau, domin kai a waya kawai ka gan shi. Ruwa ne mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma a sanyin Disamba babu yaron da zai sa ƙafa a ciki ya yarda ya fito. Garai yake kamar gilashi. Ranar da na je, dala ta suɓuce mini daga aljihu kusa da bakin dutsen, na hango ta kwance a kan farin yashi har ina iya ganin zanen da ke jikinta, na ɗauka ruwan iyakarsa ƙugu, na taka, sai ƙafata ta rasa ƙasa, ruwa ya rufe mini kai. A wurin zurfinsa ya kusa mita 2, ya fi tsawonka. Ruwan tafkinmu mai laka aƙalla yana ba mutum tsoro, wannan kuwa kiran mutum yake yi. Jikokina 'ya'yan Damagaram ne, garin da ake bin layin famfo da bido tun asuba. Ruwan da suka sani shi ne na randa da na bokiti, ba su taɓa tsayawa cikin wanda ya wuce gwiwarsu ba.

Kada ka ce tsoron tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin 300,000 ruwa yake ci a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ni ban buƙaci hukuma ta gaya mini ba. Yaron da ruwa yake ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana neman taimako, shiru kawai yake yi ya nutse, manya suna zaune nan kusa suna hira. Ka san wace damina nake nufi, ka san kuma dalilin da har yau mahaifiyarka take zagayawa ta bayan masallaci maimakon ta bi gajeriyar hanya.

Yanzu ka gaya mini, idan ƙafar takwarana ta rasa ƙasa, wa zai shiga ya ɗauko shi? Kai ba ka iya iyo ba, uwarsu ba ta iya ba. Na kuma san halinka: da ka ga wuri mai kyau sai ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto don mutanen Facebook, ka juya wa abin da ke gabanka baya. Ranar sunan autarka ina kallonka, yarinya ta kai hannu ga garwashin shayi kai kana gyara hoto. A bakin murhu an yi ƙuna an warke. A bakin ruwa wa ya ba ka tabbacin haka?

Na san abin da za ka ce a zuciyarka, cewa ni ne na hana ka koyo. Gaskiya ne. Ranar da na same ka da jiƙaƙƙen wando na yi maka dukan da ban taɓa yi wa ɗa ba, kuma daga ranar ba ka sake kusantar tafki ba. Mutane sun ce na wuce gona da iri, kawunka har ya yi wata biyu ba ya shiga gidana. Amma ga ka nan da ranka, da 'ya'yanka uku, kuma a wancan lokacin ba ni da wata dabara da ta wuce wannan. Idan kuskure ne, nawa ne, kada jikokina su biya shi.

Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Ka sayi rigar iyo irin mai hana nutsewa a Kano, kowane yaro da tasa daidai jikinsa, kada ka dogara da balan-balan ɗin da ake hurawa. Su tsaya can ƙasa inda ruwan bai da zurfi, nesa da bakin dutsen, kai kana tsaye a ciki inda hannunka zai kai gare su, wayarka tana cikin mota. Idan za ka yi salla, su fito tukuna. Da dare ka kulle ɗaki ka riƙe makulli, domin takwarana ya gado ni wajen sulalewa.

Mahaifiyarka ta sa an yi muku kilishi da dakuwa na hanya, ku biyo ku karɓa kafin ku tashi, in sa wa yara albarka. Ka ce wa takwarana ya ƙirga mini giwayen da zai gani a bakin kogin Gaji, zan tambaye shi. Ranar da za ku shiga Wikki kuwa, ka kira ni bayan kun fito duka kun shanya tufafi, zan kasance a zaure da waya a hannu.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka.