Don Allah a daina lafta wa tsofaffin kayan katako fenti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni kafinta ne a Wunti, cikin garin Bauchi, kuma a wannan sana'a na yi furfura. Abin da ya sa na ɗauki biro, makon jiya wata dattijuwa ta aiko jikanta da ƙaramin akwatin rubutu da ta gada daga mahaifinta, wanda ya yi akawu zamanin En'e. Wai in kankare shi da samfefa, in shafa masa farin fenti, za a sa a ɗakin amarya.

Da na buɗe shi sai da gabana ya faɗi. Mahogani ne, aikin Ingila. Kusurwoyinsa sun shiga juna kamar an sarƙe yatsu, babu ƙusa ko ɗaya. Maƙallan tagulla ne, ga gurbin kwalbar tawada, har da tabon tawadar. Katakon ya yi ja-ja mai duhu, irin launin da shekaru kaɗai ke bayarwa. Wannan launin shi masu tara kayan tarihi ke biya wa kuɗi, samfefa kuwa cikin minti goma za ta cinye shi.

Ba a Ingila itacen ke tsirowa ba. Daga Jamaika aka riƙa kai musu shi a jirgin ruwa, musamman bayan 1721 da suka cire wa katakon yankunan mulkinsu na Amurka haraji. Da shi kafintoci irin su Thomas Chippendale suka yi suna, aka yi ta ƙera tebura, akwatunan ganyen shayi da gidajen agogo. Ɗan'uwansa ne maɗacinmu, wanda muke saran ɓawonsa don ciwon ciki.

Na je da kaina na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, hannuna ba zai iya ba." Na goge ƙurar da tsumma mai laushi, na murza masa kakin zuma kaɗan, na roƙe ta ta nisanta shi da rana da bakin taga, don iskar hunturu na tsaga shi. Kada kuma a ajiye shi a ƙasa, saboda laima da gara.

Roƙona ga 'yan'uwana kafintoci na Bauchi da Gombe: idan irin wannan ya zo hannunku, ku faɗa wa mai shi gaskiya ko da za ku rasa kuɗin aikin. Amaryar dai na ƙera mata sabon akwati na maɗaci, Inna ta riƙe na mahaifinta.

Wassalam.

Wani kafinta,
Wunti, Bauchi.